Takalma a Ƙofar Tsohon Coci

Muna cikin fenti sai muka ji ihu a waje: "Sun mayar da cocinmu masallaci!"

A Tungan Maje ne, lokacin da gwamnati ke tasowa daga Legas. Masu cocin sun gina sabo, suka bar wa gari tsohon a yi asibitin haihuwa. Ni da abokin aikina Musulmi ne, kuma takalmanmu aka gani a ƙofa.

Matasa sun taru da sanduna.

Mama Saratu, dattijuwar cocin, ta tare ƙofa. "Yarona, don me kuka cire takalmi?"

Na ce, "Mama, an daɗe ana kiran Allah a ɗakin nan."

Ta kalli matasan, ta sunkuya ta cire nata. Sanduna suka sauka.

Da ku ne a ƙofar nan, da takalmi za ku shiga?