Shuɗin Tamfol a Gidan Mama Ladi

Akwai wata Talata da har yau ba ta bar raina ba, a daminar da na fara aiki, ina wata na uku a matsayin mataimakiyar jami'ar lafiyar dabbobi. Ku da kuka shigo bana ya kamata ku ji labarin, don saura ƙiris in sa a hallaka kaji goma sha tara da babu abin da ke damun jikinsu.

Ƙorafi ne ya zo daga Dutse Alhaji. Wata dattijuwa, Mama Ladi, kajinta sun kwana shida ba ƙwai, ba sa ci sosai, sun takure a lungu. A fom ɗinmu akwai wani gurbi da jami'i ke sa wa alama idan yana zargin murar tsuntsaye. Da zarar shugaba ya sa hannu a kai, za a killace gidan, kuma sau da yawa kajin rami ne makomarsu.

Na je da shirina tsaf: farar riga har ƙasa, takalmin roba, safar hannu, takunkumi. Ina sa ƙafa a bayan gidan wuri ya kacame. Kaji suka dinga tsalle suna bugun katanga, wata ta tusa kai cikin tsohuwar tukunya. Na rubuta cewa suna cikin ruɗewa, alamar cuta ta taɓa musu kai. Na sa alama a gurbin nan.

Mama Ladi ta lura na kasa haɗa ido da ita.

"'Yata, kashe su za a yi?"

"Sai abin da ofis ya ce, Mama."

"Waccan jar kazar, ni na ɓare mata ƙwai da hannuna ta fito."

Na tattara kayana na tafi.

A ofis, shugabar sashenmu, Dakta Asabe, ta karanta fom ɗin ta cire tabarau.

"Nawa suka mutu?"

"Babu, Dakta."

"Zawo fa? Kumburin fuska?"

"Ban samu na duba ba, sun ƙi tsayawa."

Ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Da wannan shigar kika faɗa musu? Ni ma da kin shigo min ɗaki haka kamar fatalwa, ta taga zan fita." Ta ajiye biro ba ta sa hannu ba. "Murar tsuntsaye ba ta kwana shida a gida ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Gobe ki koma da atamfarki, ki zauna ki yi shiru. Ki tambayi matar me ya canza. Bayan nan ki ɗebo samfuri don gwaji, ƙa'ida ce."

Washegari da hantsi Mama Ladi ta ba ni kujera 'yar tsugunno, na zauna. Sai a lokacin na lura hasken wurin shuɗi ne, kamar mutum yana ƙarƙashin ruwa. Wani sabon tamfol ne aka ɗaure a saman rabin filin. Duk sanda iska ta ɗaga shi, inuwarsa sai ta zura a ƙasa da gudu, zakara ya ja wani dogon kuka, kowace kaza ta lafe, ta karkata kai tana leƙen sama da ido ɗaya. Kaskon ruwansu kuwa yana ƙarƙashin tamfol ɗin, cike fal, ganye na yawo a kai.

"Mama, yaushe aka ɗaura wannan?"

"Ɗana ne, makanike a Apo, ya kawo wancan satin. Wai kada ruwan sama ya dake su." Ta bi inuwar da kallo, sai ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Shaho suke gani!"

Haka ne. Kaza ba ta da ƙaho ba ta da haƙori, abin da take kare kanta da shi kawai shi ne ta haddace gidanta. Duk baƙon abu, musamman mai motsi daga sama, ajali ne a wurinta har sai ta saba da shi. Ƙishirwa ce ta tsayar da ƙwan.

Muka kwance tamfol ɗin, muka naɗe shi a gindin katanga, muka barbaɗa dusa kusa da shi don su saba a hankali. Kafin in tashi, kaza ɗaya ta fito tana taku a tsanake, ta tsoma baki a kasko, ta ɗaga kai sama tana haɗiya. Sauran suka biyo ta. Mama Ladi tana dariya tana goge ido da bakin zane.

Sakamakon gwaji ya dawo lafiya lau. Dakta Asabe ta miƙo min sabon fom, tsohon kuma bai taɓa shiga fayil ɗina ba. Allah ya saka mata da alheri.

Abin da na koya shi ne, a wannan aikin dabba ba ta ba da labari, mai ita kuma yakan manta da abin da ya yi don ƙauna. Sai ka zauna ƙasa kafin ka gani. Kuma idan kun shiga gida kuna lissafin baƙin abubuwan da suka firgita kaji, ku fara ƙirgawa da kanku.