Muryar da Likita Sale Ya Aro

Abubuwa da yawa na aikin asibiti sun gushe mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da Likita Sale ya zauna a ƙarƙashin tagar ɗakin mata ba. Ku yaran yanzu kun san shi ne a matsayin tsohon ɗan wasan barkwanci, mai fitowa da ƙaton tabarau yana auna zazzaɓin akuya. Ni na san shi da farar riga, abin sauraren ƙirji rataye a wuyansa.

A daminar da ya rage shekara guda a samu 'yancin kai abin ya faru, a nan Bauchi. Ina da shekara goma sha tara, ina aikin taimakon jinya, wato matakin da ke ƙasa da nas: gyaran gado, wanke miki, auna zafin jiki. Sama da ni akwai nas biyu, sama da su akwai Sista, wata Baturiya mai tsare gida, sai likitoci biyu, babbansu Bature ne, ƙaramin kuwa Likita Sale.

Ɗan wani tela ne a unguwar Wunti. Dogo, wankan tarwaɗa, da wushirya wadda in ya yi murmushi sai ka ji kamar an buɗe taga. Ba zan ɓoye muku ba tunda tsufa ya zo: duk sanda na ji takunsa a baranda, zuciyata takan zama kamar auduga kusa da wuta. Ban taɓa furtawa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Allah ya yi masa baiwar kwaikwayon murya. In ya ji mutum sau ɗaya, shi ke nan. Yakan yi Hausar Sista, "Kai, Asabe, kawo ruwan zafi maza-maza," har in zabura in nufi murhu kafin in gane shi ne. Majinyata sukan yi dariya har ɗinki ya yi musu zafi.

A wannan daminar aka kawo mana wasu tsofaffin Fulani daga wajen Gubi, miji da mata, a rana ɗaya. Malam Buba ciwon haƙarƙari ya kama shi, aka kwantar da shi a ɗakin maza. Matarsa, Inna Adama, ƙari ne a cikinta, aka kawo ta wurinmu. Likita Sale ya yi kwana uku yana fama da tsohon, amma kwana ya ƙare. Ranar Litinin da hantsi ya cika, 'ya'yansa suka ɗauke shi suka kai Gubi.

Sista ta tara mu ta ce kada wanda ya gaya wa Inna. Zuciyarta ba ƙarfi, in ta ji za ta iya bin sa. A bari sai an yi mata aiki. 'Ya'yan ma suka yarda. To amma ƙa'ida ita ce ba a yanka mutum sai ya dangwala yatsa a takardar yarda, kuma babban likita ya ce in aka wuce Alhamis, ƙarin zai toshe hanji, aikin ba zai yi amfani ba.

Na kai mata takardar sau huɗu.

"Inna, ki sa hannu mana, don ki warke ki koma wurin shanunki."

"Yarinya, sai maigida ya ce."

"Ai ɗanki ya yarda."

"Ɗa daban, maigida daban. Shekara arba'in ban taɓa tsallaka rafi bai sani ba, sai wuƙa?"

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, don kunya irin tasu. Amma kullum da safe sai ta rage rabin kununta ta ce in kai masa. Ni kuwa sai in fita da kwanon in tsaya bayan ɗaki ina kuka, in zubar a gindin dalbejiya. A raina ina cewa, ashe irin soyayyar nan akwai ta a duniya, ba a tatsuniya kaɗai ba.

Laifin nawa ne, ni na kawo shawarar. Ranar Laraba na tari Likita a baranda na ce, "Likita, ka ji muryar Malam Buba kwana uku. Ga taga nan a kan gadonta. Irin su ba sa haɗa ido da miji a gaban mutane, ba za ta leƙa ba. Kalma biyu kawai, ka ari muryarsa ka ce ta yarda."

Ya dube ni ya ce, "Malama Asabe, kin san abin da kike cewa? Mutumin nan yana kabari."

"Ita ma za ta bi shi jibi, in ba ka yi ba."

Ya je wurin Sista. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ba ta ji ba, ba ta gani ba, takarda kawai take so.

Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, gari ya yi duhu kamar magariba, amma ko ɗigo bai sauka ba. Iska ta tsaya cik. Na shiga na ce, "Inna, an fito da Malam baranda ya sha iska, yana nan ƙarƙashin tagarki." Ta ja mayafi ta rufe kanta, ta juya fuska ga bango. Ni ina tsaye a gefen gado, daga inda nake ina hango ƙeyar Likita a kan benci.

Sai aka yi tari. Tarin nan na tsoho, mai ƙugi a ƙirji. Tsigar jikina ta tashi, ko da yake na san wanda ke yi.

"Ke," in ji muryar, da Hausar nan mai karyewa irin ta mutanen ruga, "ki yarda a yi miki aikin. Na ce ki yarda."

Iyakar abin da muka shirya ke nan. Na miƙa hannu zan ɗauko takarda. Sai Inna ta yi wata tambaya da Fillanci, a hankali, kamar mai tsoron amsa.

Na ce shi ke nan, asiri ya tonu, domin Likita Sale bai iya Fillanci ba in ban da gaisuwa. Na ga ƙeyarsa ta sunkuya, kafaɗunsa sun faɗa kamar na mutumin da ya yi shekara saba'in yana bin shanu.

Sai muryar ta amsa. Da Fillanci, tiryan-tiryan, ba gargada.

Ni ma ba na jin harshen. Abin da na sani shi ne sun yi magana kamar tsawon sallar raka'a biyu. A tsakiya ya kira ta da wani suna wanda ba Adama ba, sai tsohuwar nan ta yi wata 'yar dariya a cikin mayafi, irin ta amarya. Na ji ƙamshin nono da hayaƙin ruga, ko kuwa tsoro ne ya kawo mini shi, Allah masani. Daga nan aka sake tarin, sau ɗaya, sai ruwa ya kece.

Inna ta juyo. "Kawo takardar."

Ta dangwala. Sannan ta shiga zare awarwaron hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta cire 'yan kunne, ta zuba mini a tafi.

"Ajiye mini. Ki samo wadda za ta tsefe mini kai."

"Inna, don me?"

"Takaba mana. Ya ce tun Litinin da hantsi ya tafi. Kun sa na yi kwana biyu da ado, miji na ƙasa." Ba faɗa a muryarta. Ta dafa hannuna ta ce, "Kunun nan da kike kai masa, Allah ya ba ki lada."

Na fita a guje. Likita yana kan benci, ruwa na feshinsa, bai motsa ba. Na ce, "Likita, me ya sa ka gaya mata? Kuma yaushe ka iya Fillanci?"

Ya ɗago, idanunsa jajir. "Na gaya mata me? Na ce ta yarda a yi mata aiki. Daga nan ban san komai ba sai ruwa a fuskata."

Washegari ya roƙi babban likita ya yi aikin, shi ya tsaya riƙon kayan aiki kawai. An yi nasara. Inna ta yi sati uku a wurinmu, ta koma Gubi ta ƙarasa takabarta, har ta aiko mini da man shanu bayan shekara.

An yi ta bayani. Babban likita ya ce Likita Sale ya yi kwana uku yana sauraron sambatun tsohon cikin zazzaɓi, kunne irin nasa ya kwashe ba tare da ya sani ba. Wani malami a unguwar Ɗan Iya ya ce mamaci ba ya dawowa, sai dai aljani ya shiga tsakani, ya hore mu da istigfari. Ni ban zaɓi ko ɗaya ba. Na yi istigfarin dai.

Bayan bikin 'yancin kai Likita Sale ya ajiye aiki, ya shiga masu wasan kwaikwayo. Gari ya ɗauka: ɗan tela ya yi karatun likita ya koma ɗan kama! Ranar da zai tafi ya same ni ina naɗe bandeji. Na ce, "Saboda ni ne, ko?"

Ya yi murmushin nan nasa. "A'a, Malama Asabe. Na ari muryar mutum don in yi ƙarya da ita, ta ƙi yi mini ƙaryar. In dai aron murya zan yi, gara in yi a gaban jama'a, kowa ya san aro ce." Ya juya, na bi shi da kallo har ya wuce dalbejiyar nan. Abin da ke raina ya zauna a raina. Na yi aure bayan shekara biyu, kuma na dace.

Abin da na koya shi nake gaya wa duk wata sabuwar nas: majinyaci ba yaro ba ne. Mukan ɓoye masa gaskiya mu ce tausayi ne, alhali sau da yawa fuskarsa muke tsoron kallo. Da na zauna gefen Inna na riƙe hannunta na faɗa mata, wataƙila da ta dangwala tun ranar Litinin.

Na sake ganin Likita bayan shekara ashirin, a wani wasa da suka kawo Bauchi. Mutane na ta kiran sunaye, "Yi mana wane! Yi mana wance!" yana yi, ana faɗuwa don dariya. Amma na lura, kafin kowace murya sai ya karkata kai ya yi tambaya ɗaya, jama'a na ɗauka cikin wasan ne.

"Yana da rai?"