Mai Lasifikar Kahu Ya Zaɓi Makaranta

Abdurrahim Habu yakan isa gonar mahaifinsa da ke bayan Kahu kafin rana ta ɗago, da fartanya a kafaɗa da ƙaramin rediyo a aljihu. Ranar Talatar da nake magana a kanta ma haka ya yi. Sai dai bai kunna rediyon ba, bai kuma yi abin da maƙwabtan gona suka saba yi masa dariya a kansa ba, wato yi wa shukar dawa sharhin ƙwallo yana noma. Ya nome kunya biyu, ya tsaya, ya zaro wata takarda ya duba, ya mayar. Bai kai ƙarshen ta uku ba ya sake zaro ta.

Takardar shaidar cike fom ɗin neman shiga babbar makaranta ce. Wata uku tana cikin littafinsa bai karanta ta ba, domin a wajenmu mutum yakan gaya wa mai kwamfuta abin da yake so, ya dangwala yatsa, ya karɓi takarda ya ninke. Ranar Litinin ƙanwarsa Na'ima ta buɗe ta, ta ce, "Yaya, ashe malamin motsa jiki za ka zama?" Ya ce ai tarihi ya nema. Ta nuna masa da yatsa. Ilimin motsa jiki aka rubuta, a wata kwalejin da ba ta ma da sashen tarihi. Talatar nan kuwa ita ce rana ta ƙarshe da aka bayar don yin gyara.

Shekarunsa ashirin da uku. Duk wanda ya taɓa zuwa filin ƙwallon Kibiya ranar Juma'a da la'asar ya san muryarsa, domin shi ne yake hawa benci da lasifika haɗe da batirin mota yana bayyana wasa. Burinsa ya zama ɗan jaridar wasanni. Son tarihi kuwa kunya ce ta jawo masa shi. Shekara uku da suka wuce Kahu ta ci Dawaki, ya shelanta cewa wannan ne karo na farko. Sai wani dattijo, Baba Baballe, ya taso ya riƙe masa wayar lasifikar.

"Ɗan nan, wa ya gaya maka? Shekarar babban fari mun ci su uku da ɗaya, ba takalmi, kuma ni ne a raga."

Washegari Abdurrahim ya sayi littafi mai baƙin bango ya fara bin waɗanda suka buga wasan nan. Wani ya ce biyu da nema aka tashi. Wani ya ce ba a ma ƙarasa ba, ƙaya ta fasa ƙwallon. A nan ya gane cewa yana buƙatar a koya masa yadda ake tace maganganun mutane uku da kowannensu ya rantse yana wurin.

Da hantsi ya jingine fartanya ya hau babur. A Kibiya ya iske Baba Baballe a ƙofar gida yana gyaran igiya, ya durƙusa ya gaishe shi a gurguje.

"Ina za ka kana rawar jiki haka?"

"Rano, Baba. Maganar makaranta."

"To. In ka tafi wa zai riƙa yi mana ƙarya a lasifika?" Tsohon ya yi dariya, sannan ya ce, "Ka ji Ishiyaku na Dawaki ya rasu? Wanda ya ci ni ƙwallon nan guda. Yau kwana tara."

Abdurrahim bai ji ba. Tun bara yake cewa zai je wurinsa bayan girbi.

A Rano ya tarar da layi ya fito har bakin titi, janareta yana ta ƙara. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga, ya zagaya babur ɗinsa, ya dawo. Sai bayan azahar ya isa gaban Lukman mai kwamfuta, wanda suka yi sakandare tare.

"Lukman, me na ce ka sa mini?"

"Tarihi ka ce, Mai Lasifika. Amma na duba na ga wauta ce. Duk Rano da Kibiya wa bai san ka da ƙwallo ba? Gata na yi maka."

"Ka taɓa ganina ina gudu? Ƙwallo ta ƙarshe da na buga a ragarmu ta shiga!"

'Yan layi suka fashe da dariya. Lukman ya ɗaga hannu ya ce ya ji, a gyara. Ya juyo masa da fuskar kwamfutar. Makinsa ya isa wurare biyu masu sashen tarihi. Ɗaya jami'a ce mai nisa, tafiyar yini guda a mota, tana da gidan rediyon ɗalibai inda ake ba su damar gabatar da shirin wasanni. Ɗayar kwalejin ilimi ce a birnin Kano. Ba ta da rediyo, amma motar Rano tana kai mutum da safe ta dawo da shi da yamma.

"Wacce?" in ji Lukman.

Rediyon nan shi ne abin da Abdurrahim yake kwatantawa a gona shekara da shekaru. Ya ce a ba na bayansa wuri tukuna. Ya fita, ya sha ruwa, ya dawo, ya sake cewa a ba wani. Da aka yi haka sau uku wata Hajiya da ta rako 'yarta ta ce, "Malam, in istihara za ka yi, masallaci yana can."

Lukman ya dubi agogo. "Ƙarfe huɗu shafin zai rufe. Ba ni lambar da ke takardarka, ko ka zama malamin motsa jiki, ni ba ruwana."

Ya buɗe littafin nan mai baƙin bango don ya ɗauko takardar, sai ya faɗa kan wani shafi. A samansa an rubuta "Malam Ishiyaku, Dawaki", an ja layi, ƙasa kuma babu komai. Ya koma jerin sunayen da ke farko. Cikin mutum ashirin da biyu da suka buga wasan, huɗu ne suka rage da safe a saninsa. Yanzu uku ne, ɗaya ma a Rurum Tsohon Gari yake, bai taɓa zuwa wurinsa ba. Karatun jami'ar kuwa shekara huɗu ne.

"Sa Kano," ya ce.

"Babu rediyo fa."

"Na sani. Sa, kafin in sake tunani."

Ya dangwala yatsa. Da takardar ta fito ya tsaya a wurin ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, sau biyu, na bayansa suna tsaki.

A kan hanya ya tsaya a gindin wani dutse ya kashe babur, ya juya kan babur ɗin zuwa Rano, kamar zai koma a canza. Ya duba waya ya ga huɗu ta wuce da minti goma. Ya sake juyawa, ya nufi Kibiya.

Rana ta yi sanyi sa'ad da ya isa ƙofar Baba Baballe. Ya zauna a bakin tabarma ya buɗe sabon shafi.

"Baba, a sake ba ni wasan nan daga farko. Ƙwallon Malam Ishiyaku, ta wane ɓangare ta shiga?"

"Ta hagu, Allah ya jiƙansa, kuma da hannu ya tura ta. Amma ai mun ci su huɗu da ɗaya."

"Wancan karon uku kuka ce, Baba."

"Kai ne a raga ko ni?"

Abdurrahim ya rubuta huɗu, ya rubuta uku a gefensa, ya sa wa kowanne ranar da aka faɗe shi. A ƙasan shafin ya rubuta "Rurum, Asabar", ya rufe littafin, ya tashi ya ɗebo wa tsohon ruwan alwala.