Tankari Anka-Rubuta da Mil Biyu

Duk wanda ya san Tankari cikinku ya san ba a ƙare gardama da shi da fatar baki. Sai ya ɗaga maka hannu ka dakata, ya kwance gafakarsa ta fatar akuya, ya goge tafin hannunsa a cinya, ya zaro littafin nan nasa mai baƙin bango, ya ɗora yatsa kan layi, ya ce, "Haka anka rubuta." Ko kan iyakar gona ake gardamar, ko kan wanda ya riga wani isa rijiya, sai an buɗe littafi. Tun ana kiransa Anka-rubuta a bayan idonsa har aka koma kiransa a gabansa, yana kuma amsawa.

Ɗan goggona ne, wato taubashina. Saboda haka ina da hakkin tsokanarsa yana raye, kuma ban ga wanda zai karɓe mini wannan hakki ba don ya mutu. Tare muka tashi a ƙauyenmu da ke tsakanin Madawa da Urno. Ni aka ba ni ga karatu, shi aka ba shi ga hauya. Shekarar da fara ta cinye gonaki, ya tafi cin rani kudu, ƙasar Ingilishi, da gyambo a ƙafa. Turawan mishan suka yi masa magani. Ya zauna wurinsu har ya koyi boko, ya dawo mana Kirista, shi kaɗai a garin, da Littafi Mai Tsarki na Hausa cikin gafaka. Goggo ta ware masa ƙwaryarsa daban har ta koma ga Allah. Matarsa Hajo kuwa ta zauna, ta ce da mai gyambo aka ɗaura mata aure, ba ta gudu ba, balle yanzu da ya warke.

Ranar da ya fara nuna mini littafin, na karɓa da ladabi, domin akwai sunayen annabawa a ciki. Ban iya boko ba, amma na san yadda shafin littafin ilimi yake. Namu littattafan, matani 'yan layuka ne a tsakiya, sharhi ya kewaye shi, hashiya kuma ta bi gefe a karkace, har sai mai karatu ya riƙa juya takarda kamar faifai. Nasa kuwa gefen fari fat, sama da ƙasa.

Na ce, "Tankari, ina sharhin?"

Ya ce, "Wane sharhi?"

"Bayanin magabata. Wanda zai gaya maka da wa anka yi wagga magana, a wane wuri, kuma don mi."

"Ku naku littattafai sai da 'yan rakiya, awa amarya. Nawa shi kaɗai shika tahiya."

"To wa ya karantar da kai shi?"

"Bature ya kai ni har tsakiyar Linjila, sai gyambo ya warke."

Na daɗe ina cewa, da gyambon nan ya ƙara ko da damina guda, da duk mun huta.

Ba a jima ba ya iske wurin da Almasihu ya aiki almajiransa garuruwa, ya hana su gaida kowa a hanya. Ranar kasuwar Madawa sai ga surukinsa, tsoho Hankurau, mahaifin Hajo, yana tafe bisa jaki. Tankari ya tsuke baki, ya kafa ido gaba, ya wuce shi kamar ya wuce kututture. Tsohon bai gama mamaki ba sai ya ga surukin nasa ya yi tsalle ya faɗa gonar wake da ke gefe, ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya soma jero gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ina mutan gida, ina ruwa.

Hankurau ya ce, "Yaro, lahiya kake?"

"Lahiya lau, Baba. Kan hanya anka hana. Nan gona ta."

Daga ranar, duk mai gona a bakin hanyar Madawa ya san inda Tankari ya gamu da manya, domin nan waken yake kwanciya. Da ƙara ta yi yawa aka ce ni in yi masa magana. Na ce masa kowace magana tana da sababinta, kuma a fili yake an faɗi wannan ne ga manzanni masu gaggawa, don kada doguwar gaisuwa ta tsayar da su. Ya miƙo mini littafin ya ce, "Nuna mani inda anka rubuta sababin." Ba ni da wurin nunawa.

Kada wani ya zaci almubazzari ne, domin abin da ke tafe zai iya sa a yi wannan zato. Ban taɓa ganin mai tsimi irinsa ba. Ya karanta cewa bayan an ciyar da taron jama'a, an yi umarni a tattara ragowar kada kome ya ɓata. Tun daga nan, in mata suka gama sussuka, sai ya durƙusa a masussuka yana tsintar gero ƙwaya ƙwaya. Hajo ta ce kajin gidan in sun hango shi sukan juya su tafi maƙwabta, sun san ba a bar musu kome ba.

Sai shekarun yaƙin Turawa suka zo. Aka rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi, wanda aka kama yana tsallakawa sai gidan kaso. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, aka girbe abin da bai kai rabin na kullum ba. A cikin wannan hali kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya zo da tafinta da gardi-sarki, wato dogaransa masu jar hula, aka tara mu ƙofar maigari. Kumandan yana magana yana nuna rumbuna, ba abin da kunnenmu yake kamawa sai kalma guda da yake ta maimaitawa: mil, mil. Tafinta ya ce gero ke nan da Faransanci. Kowane gida zai ba da rabonsa, kuma maigida ne zai ɗauka a kansa ya kai bariki.

Na ga fuskar Tankari ta sauya, ya dafa gafaka. Ban gane ba sai ranar kai hatsi, da ya iso bariki da ninkin abin da aka yanka masa, shi da dami, Hajo da dami.

Gardi-sarki ya ce, "Kai wanga, guda anka ce."

Tankari ya ce, "Ku kunka ce guda. Ubangijina ya ce wanda ya tilasta ka tahi da mil guda, ka tahi mashi da biyu."

Gardi-sarki bai taɓa ganin talakan da ya ƙara da kansa ba. Ya yanke cewa wanda ya iya ba da biyu yana da goma a ɓoye. Ya zuba masa bulala, suka biyo shi gida suka tone ƙarƙashin gado da bayan danga, ba su sami kome ba, suka tafi da akuya don kada tafiyar ta zama ta banza.

Hajo ta zo wurina, ta tsaya bakin zaure ta ce, "Malam, ɗan'uwanka zai kashe mu da karatu. Abin da ya rage ba shi kai mu shuka, kuma an ce za su dawo."

Na tafi na sa ya karanta mini wurin a hankali. Ina jin kalmar na gane ta, domin tsohuwar abokiyata ce. Duk wanda ya karanta babin sallar matafiyi ya san mil, da shi ake auna nisan da ke halatta ƙasaru. Na ce masa, "Tankari, wanga ba gero ba na. Awon hanya na. Ana nufin in an tilasta ka rakiyar wani nisa, ka ninka mashi nisan. Ƙahwa anka ce ka ba da, ba abincin ɗiyanka ba."

Ya ce, "A wane littahi?"

"A namu, na fiƙihu."

"Naku na Larabawa na. Wanga Nasara sunka buga shi, kuma Nasara gero suka ce ma mil. Kana nan kumandan ya faɗa, ko ba ka ji ba? An tilasta mu, an ce mu tahi da shi, an ce mil. Wace kalma ta rage?"

Gaskiya, ban taɓa ganin kuskuren da ya zauna daram irin wannan ba. Kowace kalma ta faɗa wurinta. Da almajirina ne ya kawo mini irin wannan istimbaɗi, wato ciro hukunci daga matani, da na yaba masa kaifin kai kafin in gyara masa. Na kawo masa hujja ta lugga, na kawo ta hankali, na rantse masa. Ya ce in maganata gaskiya ce, ai da an rubuta ta a wurin. Wanda zai yarda da maganarsa kuwa, Baturen da ya koya masa, yana can bayan iyaka a rufe.

Da bazara gardi-sarki suka dawo. Tankari ya sake ninkawa, wannan karon har da rabin irin shuka.

Ba sai na bayyana wa tsofaffi cikinku yadda daminar nan ta kasance ba. Mun ci anza bayan an jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, mun ci tafasa ba gishiri, mun tone gidan tururuwa. Gidan Tankari ya riga kowane gida shiga wannan hali. Na ɗauke 'ya'yansa biyu, Ila da Rabi, na haɗa su da nawa, abin da ya samu a raba. Na ba shi iri daga ɗan nawa, ya karɓa, ya ce wannan ma a rubuce yake. Amma duk abin da Hajo ta dafa sai ya ce yana azumi, ya tura mata. Yana noma ƙafafunsa suna kumbura, har in ka danna da yatsa ramin ba ya komawa.

Ganina da shi na ƙarshe a gonarsa ne, da hantsi, yana jingine da gindin gawo. Geron ya fid da kai, ya yi kyau ƙwarai. Na zauna kusa da shi, na ce, "Anka-rubuta, ka ga inda mil ya kawo ka."

Ya yi dariya har ta koma tari. Ya ce, "Malam, na yi ta tunani. In gero na, na yi biyayya. In hanya ta, na yi wauta, kuma na sa Hajo cikinta. Ni ban da wanda zan tambaya."

"Ai ka tambaye ni."

"Kai taubashina na. Tun muna yara ka ce mani in na haɗiye ƙwallon magarya za ta tsiro mani a ka. Yaya za ni san ranar da ka daina wasa?"

Al'adar da ta ba ni damar gaya masa kome ita ce ta hana shi gaskata ni ranar da ransa ya dogara a kai.

Ya rasu kafin a fara gasa tumu. Mu kaɗan muka haƙa masa kabari a gefen gonarsa. Hajo ta kawo littafin ta ce a karanta masa wani abu irin nasu. Muka dubi juna, ba wanda ya iya boko a cikinmu. Haka muka rufe shi shiru.

Kwanan baya jikarsa Saratu, ɗiyar Ila, ta zo gaishe ni daga birni da nata Littafin, sabon bugu. Idona ya yi rauni, amma na lura kowane shafi an ja masa layi a ƙasa, da ƙananan rubutu a ƙarƙashin layin. Na ce ta nemo mini wurin. Ta karanta ayar, sannan ta sauka ƙasa ta karanta bayanin: mil awon tafiya ne na Rumawa, kuma sojansu yana da ikon tilasta wa mutum ɗaukar masa kaya tsawon mil guda. Layi ɗaya da ɗan ɗori, ba a ko cika na biyu ba. Na sa ta maimaita. Ta tambaye ni dalili, na ce tsufa ne.

Ta ce mini mutane da yawa a ikilisiyarsu tsallake ƙananan rubutun suke yi, wai ba maganar Allah ba ce. Haka ne, ba ita ba ce. Sharhi maganar mutane ce, mai shi yana iya daidai yana iya kuskure, kuma ba a ɗaukaka shi bisa matani. Ku jikokin Tankari, ni ba addininku nake bi ba, ba ni da ikon koya muku shi. Amma na shafe rayuwata tsakanin matani da sharhi, na kuma san littafin da aka saukar cikin wani harshe, ga wasu mutane, a wata ƙasa mai awonta da al'adunta, in ya iske mutum shi kaɗai a ƙauye, zai cike abin da bai sani ba da abin da ya ji a ƙofar maigari. Kuma mai tsananin biyayya shi ya fi kowa shiga hatsari, domin shi ba ya karantawa ya ajiye. Ku sauka ƙasan shafi ku karanta. Kakanku ba ya yarda da abin da ba a rubuce yake cikin littafinsa ba, kuma da wannan layi yana nan, da ya ci tumun shekarar.

Lamarin Tankari yana hannun Wanda ya halicce shi, Shi ya san abin da ke cikin ƙirjin bawansa ranar da ya kai dami na biyu. Ya Allah, Ka ji ƙan Hajo da haƙurinta. Ka raya zuriyarsu cikin ƙoshi, Ka haɗa musu biyayya da fahimta. Kada Ka bar ɗayansu da tambaya ba wanda zai amsa masa. Amin.