Baba Jaji, Mutumin da Ya Ƙi Ɗaga Hannu

Ranar Asabar, 18 ga Zulhajji 1446, wato 14 ga Yuni 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Jaji Badaru na Tudun Aduwa, wanda manya da yara muke kira Baba Jaji, bayan jinyar kwana tara. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Ni Muhammadu Sani, malamin firamare a garin nan, nake wannan rubutu, kuma ina gaya wa mai karatu tun daga farko cewa raina a ɓace yake. An ce mini ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. Na ji. Amma tsohon nan bai bar duniya cikin daɗin rai ba, kuma da hannunmu a ciki, nawa a kan gaba.

Baba, shekara arba'in da ɗoriya kana haƙa mana kaburbura, ba ka taɓa yarda an saka maka da komai ba. Da an yi rasuwa, kafin mata su gama salati ka iso da karan awo, ka auna mamaci, ka saɓi diga da shebur ka wuce. Ranar da mahaifiyata ta rasu, tsakiyar damina ce, ruwa ya cika ramin har sau uku, kana kwashewa da ƙwarya. Na tuɓe riga zan shiga in taya ka, ka ture ni kana cewa in je in zauna, hannun malamin boko na alli ne. Dariya ta kama ni ina cikin hawaye. Maƙabartarmu ba alluna, amma ka san makwancin kowa. Wani mutum ya dawo daga Kudu bayan shekara ashirin yana neman kabarin ubansa, ka kai shi kai tsaye, har ka gaya masa waɗanda ke kwance dama da hagu.

Daga masallaci zuwa maƙabarta akwai wata siririyar hanya da ta ratsa tsakiyar wata gonar gado. Hanyar makara muke ce mata, tafiyar minti biyar. Tun kakanninmu ta nan ake wucewa da kowa. Ko mai huɗa da shanu, in ya zo kanta, ɗaga garma yake yi ya tsallake. Kai ka dasa darbejiya a gefenta, kana ɗauko ruwa a jarka da rani, don masu ɗaukar gawa su sami inuwa.

Sai birnin Kano ya cim mana. Gonaki suka koma filotai daga Rijiyar Zaki har ƙofar gidajenmu, magadan gonar nan su ma suka sayar da tasu. Haƙƙinsu ne, kai da kanka ka faɗi haka. Bayan nan muka ji wani kamfani zai gina katafaren kantin zamani a wurin, a tsakiyar gidajen mutane, da wurin sauke kaya na manyan motoci da injin wuta mai kwana yana ruri. Wanda ya kawo su Alhaji Ɗanliti ne, dillalin filaye, ɗan garin nan, wanda kai ka binne ubansa.

Aka tara mu bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga goro ga lemo. Aka ce baƙi ne suka zo gaisuwa kawai. Alhaji Ɗanliti ya miƙo mini takarda ya ce in rubuta sunayen waɗanda suka zo, tunda rubutuna ya fi na kowa kyau. Wallahi kaina ya kumbura, na zauna na tsara sunan kowa tsaf. Wani ɗan gaye daga kamfanin ya yi ta bayanin aikin yi da ci gaba. Kai kaɗai ka tambaya, hanyar makara fa? Aka ce za a duba. Kafin ka sake buɗe baki, Alhaji Ɗanliti ya ce to, a shafa fatiha.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. In aka yi maganar aure ko ta gona aka shafa fatiha a kai, an rufe, ba mai sake tayar da ita. Mun sani sarai. Amma wane ne zai ƙi fatiha a gaban mai unguwa da baƙi? Hannuwanmu suka tashi da kansu, muka shafa, wani yana ɗaukar mu da waya. Kai kuwa hannuwanka na kan gwiwoyinka, ba ka motsa su ba har aka watse.

Mako biyu tsakani aka kewaye gonar da kwano, hanyar makara da darbejiyoyinka suka koma ciki. Da muka je ƙorafi wurin mai unguwa sai aka nuna mana hotonmu muna shafa fuska, aka zaro takardata, rubutun nan nawa mai kyau, an ƙara mata layi a sama cewa waɗannan su ne al'ummar da suka amince. Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce an shafa fatiha, shi ba abin da zai iya.

Abin da ya biyo baya shi ne ke ci mini rai har yau. Maimakon mu ji kunyarka, sai aka juya kanka. Aka ce tsufa ya taɓa ka. Aka ce ka ƙi kalmar Allah a bainar jama'a. Da wannan bai ishe su ba, aka tono cewa kakanka daga Borno ya zo, wai me ya haɗa Babarbare da ƙasar Kano. Kai da aka yanke wa cibiya a Tudun Aduwa, kai da ka shiga ƙasar nan har wuya domin iyayensu! Lokacin da kake kwashe ruwa daga kabarin uwata ba wanda ya tambayi asalinka. Akwai wanda ya canza wuri a sahun salla don kada kafaɗarsa ta taɓa taka. Na gani da idona, na yi shiru, don ina tsoron a tuna wanda ya rubuta takarda.

Kai ka zo ka same ni a makaranta. Na zaci zagi ne, kuma na cancanta. Ka zauna a kan bencin yara, ka ce, “Malam, hannun da ya rubuta waccan shi zai rubuta wannan. Ɗauko alƙalaminka.” Wata huɗu muna bin gidaje da takardar ƙorafi. Kana gaya wa kowa cewa ba ka hana kowa ciniki ba, su kai kantinsu bakin titi inda motoci ke da wurin juyawa, su bar mana hanyar matattunmu. 'Yarka Khairat ta shiga cikin gidaje wurin mata, waɗanda ba wanda ya tambaye su komai tun farko, alhali su ne za su kwana da rurin inji, su ne masu 'yan tireda a zaure. Wasu maza suka sa hannu a ɓoye, suna roƙon kada Alhaji ya ji. Haka dai har hukuma ta ba mu ranar sauraron ƙorafi, Litinin 23 ga Yuni.

A tsakanin nan mun yi gawa biyar, duk ta titi muka kewaya da su, tafiyar kusan minti arba'in. Masu adaidaita sahu suna mana ham, ƙura da hayaƙi suna sauka a kan likkafani. Kai kake shiga gaba, da shekarunka saba'in da huɗu, kana ɗaga wa motoci hannu su tsaya. Ba zan ce masu kantin ne suka kashe ka ba, ajali na Allah ne. Amma na ga yadda kake dawowa kana haki, ka jingina da kwanon nan ka leƙa darbejiyoyinka ta ɓula.

Ranar jana'izarka samarin gari sun zo da guduma da barandami, sun rantse ta hanyar makara za ka wuce ko me zai faru. Ni ma zuciyata tana tare da su. Sai babban ɗanka Ikrima ya tsaya a gaban kwanon ya faɗi wasiyyarka: kada a ɓalle wa kowa shinge da sunanka, a bi da kai ta titi, a hankali, kowa ya gani. Haka muka yi. Ban taɓa ganin jama'a irin ta ranar a garin nan ba, har da masu cewa kai baƙo ne, suna rige-rigen sa kafaɗa. Wata tifa cike da yashi, wadda za ta wurin ginin, ta tsaya cik a bayanmu har muka shige. Ba wanda ya shiga gaba ya tsayar mana da motoci, sai a lokacin muka lura.

Ranar sadakar uku Alhaji Ɗanliti ya zo da babbar riga. Ya zauna kusa da liman, ya yabe ka, ya ce mutuwa wa'azi ce, ya kamata rasuwarka ta haɗa kan gari. Ya ce a yi fatiha Allah ya jiƙanka, maganar fili kuma abin da ya wuce ya wuce. Ya ɗaga hannu. Na dubi nawa, suna kan gwiwoyina. Na dubi tabarmi, daga wannan bango zuwa wancan ba hannu ɗaya da ya tashi, har na mai unguwa. Alhaji ya daɗe da nasa a sama. Can Ikrima ya ce, cikin ladabi, “Alhaji, a raba su. Ta Baba daban, ta fili daban.” Liman ya ja taka ita kaɗai, muka shafa gaba ɗaya. Ta filin ba wanda ya sake ambata.

Ga abin da ya kamata mu yi tun kana raye, Baba, ka yafe mana. Ranar Litinin zan ɗauki takardar in kai da kaina. Ban san abin da za a yanke ba, suna da ƙarfi, mu ba mu da shi. Amma dangwalen yatsanka ne na farko a kanta, sunana na biye.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Amsa, da Ikrima da Khairat da sauran 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba su haƙuri da dangana. Allah ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka kamar yadda ka gyara na bayinsa, ya haskaka shi, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Waɗanda suka yaudare mu, Allah ya shirye su, in ba masu shiryuwa ba ne ya isar mana. Kuma Allah ya sa gawar da za ta biyo bayan taka, ko da tawa ce, ta bi ta ƙarƙashin darbejiyoyinka. Amin.