Ganye Talatin da Dutsen Gugar Iya

Laraba: Parakou zuwa Djougou

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga gidanmu a unguwar Guéma, jaka a baya, na rungumi katako biyu ɗaure da igiya. Tsakanin katakan jaridu ne, tsakanin jaridun kuma tsirrai goma sha takwas da na yi mako uku ina busarwa. Ina shekarar farko a jami'a, kuma malaminmu na ilimin tsirrai ya ce kowa ya kawo busassun tsirrai talatin, kowanne manne a takarda, da sunansa, da inda aka samo shi, da sunan wanda ya tsinko. Ranar Litinin ƙarfe takwas zai karɓa, wanda bai kawo ba sai ya maimaita shekara. Baba kuwa ya riga ya gaya mini, in na faɗi, shagonsa na atamfa a kasuwar Arzèkè yana jirana. Ni da ko yadi ban iya aunawa ba. Saura goma sha biyu, shi ya sa na nufi Djougou nema.

Motar ta cika ƙarfe shida da rabi, jika uku na sefa kuɗin kujera, mu huɗu a matse a baya. Direba ya so ya jefa katakona cikin kaya.

"Wallahi a cinyata zai zauna," na ce.

"To ki biya masa kujera mana, tunda ɗan gata ne."

Bayan gadar Bétérou wani ɗan sanda ya sa na kwance igiyar. Ya ɗaga ganye ɗaya yana juyawa, ya ce da Faransanci, "C'est pour la sauce?" Na ce na makaranta ne, ba na miya ba. Ya yi dariya ya sallame mu. Kilomita ɗari da talatin da 'yan kai, muka shiga Djougou goma saura.

Gidan Iya na sauka, kakata ta wajen uwa, wadda ta shekara hamsin tana sayar da goro. Ta cika ni da sakwara da soyayyen wagashi, cukun nonon shanu. Da yake damina ce, na ajiye katakon a ɗakin goronta, don shi kaɗai ne ba ya yoyo. Abin da na ce mata ke nan: "Iya, ga ganyena, ki kula mini da su." Ban ƙara ko kalma ba, kuma laifina ke nan.

Alhamis da Juma'a: Kolokondé

Ƙarfe bakwai Kawu Idrisu, ƙanen mamata, ya goya ni a babur. Sarin doya yake yi, ya san kowace gona. Awa guda muka yi a hanya. A dajin can na samu maje, da kirya, da marke, da tafashiya, da gwandar daji. Ina duba ko ganyen a jere suke biyu-biyu ko ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga jijiyoyi, Kawu yana tsaye yana hamma.

"Yanzu Ramatu, abin da akuya ke ci kyauta shi kike biyan kuɗin makaranta a kai?"

Kafin la'asar na haɗa goma sha biyu, talatin sun cika. Sai ruwa ya ɓarke, rafi ya tare hanya. Muka kwana gidan wani manomi abokin Kawu, matarsa ta ba ni tabarmarta da zanen rufa, Allah ya saka mata. Sai bayan sallar Juma'a muka iya haurewa.

Ina shiga gida Iya ta tare ni da murna. "'Yar nan, saura kaɗan ganyenki su mutu! Na buɗe na tarar sun bushe ƙarau. Safe da yamma nake yayyafa musu ruwa."

Ta naɗe su cikin jiƙaƙƙiyar algarara, kamar yadda take yi wa huhun goro. Na buɗe. Goma sha ɗaya sun yi baƙi, sun manne da jarida, fumfuna ta hau su. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka irin na yara.

Da na iya magana na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon hannunta.

"Wato matattu ake so?"

"Matattu, Iya."

"Ikon Allah. To kira mini sunayen waɗanda na ɓata."

Asabar: Djougou

Ban taɓa jin Iya ta bar rumfarta a rufe ba sai ranar. Ƙarfe shida muka fita, tana gaba da sanda, ina haki a baya. Ta san madacin da ke bayan masallaci, da ɗinyar bakin rafi, da gidan da ke da tsamiya mai fure. Kowanne da hannunta ta tsinko, tana gaya mini maganin da yake yi, ina rubutawa. Na ce mata a ƙasan ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita. Ta harare ni.

"Sai da aka kai ki jami'a kika san ganye na numfashi?"

Azahar muka dawo da goma sha ɗayan cif. Amma ɗanyu ne, su da na Kolokondé, ga Litinin jibi. Iya ta aika aka aro dutsen guga na gawayi. Muka sa kowane ganye tsakanin jaridu, tana dannawa a hankali, ina canza takarda. Biyu suka ƙone, ta sake fita ta samo wasu. Har magariba tana duƙe, bayanta na ciwo, ta hana ni karɓa.

Lahadi da Litinin: gida

Ƙarfe takwas na shiga mota, ta cusa mini goro fari guda biyar in kai wa Baba. Sha ɗaya da rabi ina Guéma, na yini ina manne-manne da rubutu. A takardu goma sha ɗaya, wurin sunan wanda ya tsinko, na rubuta gaskiya.

Malam ya duba ɗaya bayan ɗaya ba ya ko murmushi. Can ya tsaya.

"Wace ce Saratu mai goro? Ajinku take?"

"Kakata ce, Malam."

Ya karanta magungunan da ta faɗa, ya ba ni makin wucewa, ya ce waɗannan goma sha ɗayan ba zai mayar mini ba, za a adana su a kabad ɗin sashe don masu zuwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kawu da babur ɗinsa, da mutanen Kolokondé da suka ba baƙuwa makwanci. Iya kuwa, daga bakin ƙofar ajin na kira ta a waya, na ce na wuce, kuma sunanta ya zauna a jami'a. Ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin sunanta a rubuce da boko ba.

"Ramatu," ta ce a hankali, "in za ki zo, ki ɗauko mini hotonsa in gani."