Teburin Waldar da Surukina Ya Hau

Har gobe ban manta da hantsin da na durƙusa a gaban teburin walda da na ƙera da hannuna, na kasa buɗe baki in roƙi aronsa ba. Ku da kuke cikin aikin yanzu ku saurara, don wannan ba a koyar da shi a makarantar sana'a.

Na yi aikin gwamnati a sashen gyaran injunan ban-ruwa ta wajen Goronyo. Na shiga ina riƙe wa wasu ƙarfe, na zama mai walda, na fita ina foman, wato shugaban masu aikin hannu na sashen. Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina ya san ba na son ganin mai walda a tsugune. In na wuce masu waldar bakin hanya sun baje ƙarfe cikin rairayi, sai na taɓe baki. Ƙasa ba ta taɓa daidaita, abin da ka haɗa a kanta a karkace yake fitowa. Wannan gaskiya ce, amma ni na mai da ita wa'azi, har yaran sashe suna kwaikwayon muryata in na juya baya.

Da na yi ritaya na dawo gida Wurno, na kafa rumfa a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro, na ce zan nuna wa garin yadda ake walda a tsaye. Abu na farko shi ne tebur.

Ba yabon kai ba, na ƙera abu. Ƙafafun bututun ƙarfe ne mai kauri. Saman wani faifan ƙarfe ne da na samo a Sakkwato, wanda sai da ƙarti suka taru kafin ya sauka daga mota. Ban cika walda lokaci guda ba. Sai in ɗiga kaɗan a kowace kusurwa, in auna, in gyara, sannan in riƙa cikewa gefe da gefe, don zafi yana jan ƙarfe ya murɗe shi. Na goge bakinsa ya yi sumul don kada ya yagi riga. Na gitta ƙarfe a ƙasa tsakanin ƙafafun don kada ya yi rawa. Tsayi kuwa, ƙa'ida ita ce ya zo daidai ƙugun mai aiki. To kun gan ni, Allah bai ba ni tsawo ba. Ƙuguna wurin zaman wani ne, amma a lokacin wannan bai zo mini a rai ba.

Ranar da na gama, ina zagaya shi ina shafawa, sai ga surukina, mahaifin matata Luba, wanda unguwa ke kira Baba Alhaji. Gidansa na bayan namu. Dogo ne, ya tsufa, gwiwa ta hana shi zaman tabarma, don in ya zauna sai an kama shi yake tashi. Ya tsaya da sandarsa ya dubi teburin. Ya danna da hannu, bai motsa ba. Sai kawai ya juya ya zauna, ya ɗora ƙafafunsa a kan ƙarfen da na gitta.

Ya ce, "Kai, wanga abu ya yi."

Na ji daɗi, na ɗauka yabon aiki ne.

Washegari daga masallacin asuba nan ya zarce da buzunsa da rediyo. Kafin hantsi abokansa uku sun iske shi. Su zauna har azahar, bayan azahar Baba ya miƙe a kai ya ɗan runtsa, bayan la'asar majalisa ta sake cika har magariba. Ni kuma idona ba ya aiki bayan faɗuwar rana. Duk abin da na tsara don walda sai ya koma na zama: bakin ba ya yagar babbar riga, ga wurin ɗora ƙafa, kuma ko sun kai nawa ba ya ko girgiza.

Ku da ba 'yan nan ba, ku gane matsalar. A wurinmu mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, ba ya kiran sunansa, balle ya ce masa tashi. Ni da nake daka wa ma'aikata tsawa su watse, sai ga ni ina wuce rumfata a sunkuye, takalma a hannu.

Na fara da Luba. Na ce ta yi masa magana cikin hikima. Ta ajiye muciya ta dube ni.

Ta ce, "Malam, ni ɗin in ce ma Baba shi tashi? Ni niy yi tebur ko kai?"

Na sa kafinta ya yi benci, na shimfiɗa masa darduma. Baba ya gwada, ya ce ya yi ƙasa da yawa, a bar wa yara. Daga nan na gwada tsoratarwa. Na durƙusa na ce, "Baba, shi wanga ƙarhe, in an sa mai wuta, tana bin jikin mutum."

Ya ce, "To kak ka sa mai."

A haka lokacin cirar albasa ya zo. Wani manomi daga Tursa, Mamman, ya iso da firam ɗin amalanken shanunsa, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin amalanken, ya karye ta wajen da ƙafafun ke riƙe. Albasarsa tana zube a gona, rana na dukanta, ba abin ɗauka. Ya wuce masu walda da yawa a hanya, ya zo wurina don an ce masa akwai tsohon foman mai aiki a kan tebur. Shi ne mutum na farko da ya kawo mini babban aiki tun da na bar gwamnati. In firam ɗin ya fito a karkace, amalanke zai riƙa ja gefe guda, shanu su wahala, sunana kuma ya mutu tun kafin ya tashi.

Na ce masa ya dawo gobe da hantsi. Na yanke shawara ko mene ne zai faru, zan yi wa Baba magana. Na shirya kalmomina tsaf, har na maimaita wa Luba, tana dariya.

Da hantsin Mamman ya zo, majalisa ta cika. Na cire takalma, na durƙusa a gaban teburin, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na ja numfashi ke nan sai Baba ya riga ni. Ba ni ya duba ba, baƙon ya duba.

Ya ce, "Baƙo, ka ga yaron ga? Tun da gwiwa tak kama ni, ɗaka nike kwance kamar kaya. Abokaina sunka daina zuwa, don ba wurin zama. Ɗiyan da na haihwa ba wanda yal lura. Shi wanga bai ce komi ba, yat tashi yay yi man wurin zama daidai tsawona, har da na aje ƙahwa. Bai ko zo yac ce ga shi ba, don kunya. Allah shi yi maka albarka, shi ba ka mai yi maka."

Tsofaffin suka amsa da amin. Baba ya sa bakin rawani ya share ido. Yaron da ake magana kuwa ni ne, da furfurata.

Sannan ya ce, "Na ga bakinka na motsi. Kana da magana?"

Na ce, "Babu, Baba. Gaisuwa ta."

Wallahi kunya ta kama ni, kuma daɗi ya kama ni, ban san wanne ya fi ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin ya yabe ni a gaban mutane ba, sai a kan alherin da ban ma yi niyya ba.

Na tashi na ja injin walda gefe, nesa da su. Na share ƙasa, na jera bulo, na yi ta cusa gutsattsarin ƙarfe a ƙarƙashi ina aunawa har firam ɗin ya kwanta daidai. Sannan na tattare wando na tsuguna. Foman guda, a cikin rairayi, a bakin hanya. Majalisa na bisa teburina suna ba ni shawara, wani na cewa in ƙara wuta, wani na cewa in rage. Wani mai walda da na sha yi wa wa'azi ya wuce a babur, ya rage gudu, ya ce, "Sannu da aiki, Foman," ya ƙara gaba. Ban ɗaga kai ba.

Aikin da zai ɗauke ni ɗan lokaci a kan tebur ya cinye mini yini. Amma firam ya fito a miƙe, Mamman ya kwashe albasarsa, har ya aiko mini da kwando. Ni kuwa da na zo tashi, sai da aka kama ni. Baba yana kallo ya ce in riƙa kula da gwiwa, ita ba ta da gyara.

Abin da na koya, ku riƙe. Mai aikinmu yana auna tsawo da faɗi da kauri, ya ɗauka ya gama awo, alhali bai auna mutanen da abin zai zauna a cikinsu ba. Kuma kafin ka raina wanda ka gani a tsugune, ka tambayi abin da ya tsugunar da shi.

Daga baya na ƙera wani ƙaramin tebur, na sa shi can ƙurya bayan rumfa inda ba iska ba inuwa. Babban kuwa har yau tartsatsin wuta bai taɓa sauka a kansa ba. Baba ya rasu bara. Luba ta ce yanzu sai in ɗauki abina. Na je na tsaya, na ga abokansa suna zaune, sun bar wurin zaman Baba ba wanda ya hau. Na cire takalma na gaishe su, na koma ƙurya.